Kujerar Ammavan da Rinar Firiji

Duk wanda ya taɓa nuna hoton ƙwaro a ɗakin karatun garinmu, Puliyanthodu, ya ɗanɗani bakin kawuna Kuriachan, ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Ammavan. Kwandastan motar haya ne da ya yi ritaya, shi ya sa ko gaisawa yake da kai sai ka ji kamar fasinja yake kira.

Ƙungiya ce ta masu ɗaukar hoton ƙwari daga kusa-kusa, mutum goma sha wani abu, suna haɗuwa kowace Lahadi da yamma. A haska hoton mutum a bango da majigi, har ƙafar sauro ta koma kamar taɓarya, kowa ya faɗi inda aka yi daidai da inda aka kuskure. Dokokinsu biyu ne. Ƙwaro ya zama mai rai, a sake, a inda aka same shi. Sannan mai hoto ba ya buɗe baki sai kowa ya gama sharhinsa. Duk a benci ake zama, har shugaban ƙungiyar, Damodaran Mash, tsohon malamin makaranta. Ammavan kaɗai ke da kujera, ta gora, mai hannu, a gefen bango, da tsinken tsohuwar lema da yake nuni da shi. Kujerar babban mai sharhi ke nan, kuma a duniya ba abin da Ammavan ya mallaka da yake so kamarta. Kafin ya zauna sai ya kakkaɓe ta da hankicinsa, in ya tashi ya sake kakkaɓewa.

Abin da kowa ya sani kuma ba mai faɗa shi ne, bai taɓa nuna hoto ko ɗaya nasa ba. In an yi masa tayi sai ya girgiza kai.

"Kyamara ina da ita. Ido ina da shi, ya ma yi yawa. Gilashin nan mai jawo ƙaramin abu kusa ne babu. Ranar da ya shigo hannuna, ku tattara naku ku kai wa yara su yi wasa."

Sai ga ni na dawo daga Sharja, can ƙasar Larabawa, bayan shekara shida ina jera tayoyi a sito. Cikin tsarabar da na zo da ita har da gilashin, domin tun ina can duk wayar da muka yi da shi sai ya sako zancensa. A shagon shayin Moidu Ikka na same shi da safe, ana cin soyayyar ayaba, na miƙa masa a gaban kowa. Ya buɗe kwalin, ya dubi gilashin, ya dube ni, kamar wanda aka miƙa wa jaririn da bai san uwarsa ba.

"Mone," ya ce, wato ɗana, "da ba ka wahalar da kanka ba."

"To, Kuriachan," in ji Moidu Ikka, yana ɗaga shayi sama yana tsiyayawa, "ƙwarin garin nan su shirya. A gaya musu su yi wanka."

Kafin rana ta raba labari ya shiga kowane gida.

Ni dai a kwanakin nan zama ya gagare ni. In zauna a baranda in tashi, in zaga gonar kofi in dawo, duk wanda na gamu da shi ya ce sannu da zuwa, yaushe za ka koma. Garin ya yi min kamar rigar da na bari tun ina yaro. Mahaifiyata ta gaji da ganina ina auna tsakar gida da ƙafa, ta ce in bi kawuna ɗakin karatu ko ta samu ta share inda nake takawa.

Ranar hoton Dakta Shameena ne a bango, likitar haƙorin da ta buɗe asibiti kusa da tashar mota. Ƙoƙi-ƙoƙi ne a kan reshen masoro, ya haɗe hannaye kamar mai addu'a. Ni da ban san komai ba, ya burge ni. Ammavan ya gyara zama, ya ɗaga tsinken lema.

"Idon fa? Ina idon? Kin kama masa kafaɗa tsaf, kin bar ido cikin hazo. Ƙwaro ido ne, saura duk kaya ne. Na biyu, daga sama kika ɗauka, kamar mai leƙa bakin majinyaci. Ƙasa ake sauka, a haɗa ido da shi. Na uku, hasken nan. Kin dalle shi da fitila har bayansa yana ƙyalli kamar an shafa masa man kwakwa. Farar takarda ake tarewa da ita, hasken ya yi laushi. Ga kuma gashin kansa na hagu kin yanke. Cire-cire dai ya zame miki jiki, Dakta."

Aka yi dariya. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Dakta ta jira har kowa ya gama, yadda doka ta ce, sannan ta miƙe.

"Na gode, Chetta, babban yaya, zan gyara. Na ji an ce gilashi ya iso."

"Ya iso. Yana hutawa, tafiyar jirgi ce."

"To ina da shawara, Mash. Taron bikin girbi na Onam ya kusa, ranar da iyalai ke zuwa a zaɓi hoton bangon kalanda. Mai kujera ya nuna mana nasa guda ɗaya, mu ma mu koya. In ya cika doka, kujera tasa ce har abada. In bai kawo ba, ko ya karya doka, ya sauko benci, mu ma mu ɗanɗana gorar nan mu ji."

Damodaran Mash ya ce wa ya yarda. Hannaye suka tashi kamar an ce wa ke son ƙarin shinkafa a gidan biki. Har Moidu Ikka da shayi kawai ya kawo ya ɗaga nasa.

Ammavan ya miƙe, ya naɗe zanin mundunsa zuwa gwiwa.

"Guda ɗaya kawai? Kun yi min sauƙi. Kuma ba fara ko ƙoƙi-ƙoƙi zan kawo muku ba, waɗanda ko makaho zai ɗauka. Rina zan kawo. Babbar rinar daji, da raɓar asuba a jikinta, ido cikin ido, har ku ƙirga ɗakunan da ke cikin idonta. Dakta, ki zo da madubin haƙorinki, zai yi miki amfani."

Washegari ya ce mu fara gwaji da ƙaramin abu. Muka gangara fadamar shinkafa inda mazari ke shawagi bisa ruwa. A nan Ammavan ya gano abin da ba a gani daga kan kujera: gilashin ba ya kama abu sai ka matso kamar za ka sunsune shi, kuma wurin da ke fita tsaf bai wuce kaurin farce ba. Ka ja numfashi, ido ya ɓace. Ka saki, wutsiya ta ɓace.

"Gilashin nan na gaske ne kuwa, mone? Ba su cuce ka ba?"

"Ammava, kai ke rawa."

"Ni ba na rawa. Shekara nawa ina tsaye a mota a kan hawan dutse ina yanka tikiti, ko sau ɗaya ban taɓa kama ƙarfe ba. Ƙasar ce ke motsi."

Wani jan mazari ya sauka kan tsinke a tsakiyar ruwa. Ammavan ya tuna da nasa karatun, a sauka ƙasa a haɗa ido. Ya durƙusa a kan gaɓa, ya miƙa wuya, ya ƙara miƙawa. Mazarin ya koma tsinken gaba. Ya bi shi. Gaɓar nan ta laka ce, ba a yi ta don ɗaukar kwandasta mai ritaya ba. Ya tafi a hankali, da mutunci, kai farko, hannu ɗaya a sama riƙe da kyamara kamar mai ƙetare rafi da ashana.

Mata masu cirar ciyawa suka ɗago daga sunkuyo.

"Kuriachan chetta, dashe kake ko girbi?"

"Ku bar shi, kifi yake ɗauka hoto."

Ya ɗago fuska baƙi ƙirin, ya tofar da laka, ya ce da ni, "Ka gani ko? Wannan shi ne sauka ƙasa. Su Dakta ba za su iya ba."

Hotunan ranar duk kore ne mai hazo, sai guda ɗaya da ya fita tsaf, na babban yatsan ƙafata. Ya daɗe yana dubansa, ya ce hasken ya yi kyau, sai dai farcen ne yake buƙatar gyara.

Sai maganar raɓa. Kowa a ƙungiyar ya san da asuba ake fita, lokacin da sanyi ya kama ƙwari ba sa iya tashi. Ammavan kansa ya sha faɗa wa mutane haka. Amma shi tun ranar da ya bar aiki ya yi rantsuwa ba zai sake riga rana tashi ba. Don haka ya ɗauko kwalbar feshin da matarsa, Ammayi Eliyamma, ke yayyafa wa kaya in za ta yi guga, ya ce raɓa ai ruwa ce, ba ta da agogo.

Ruwan ya ƙi zama a kan ganye, yana ta gangarewa. Ya jiƙa mazarƙwaila ya zuba a kwalbar. Yanzu ɗigon ya zauna daram, yana ƙyalli. Ya zaɓi inuwar mangwaron da ke bakin titi, gaban shagon Moidu Ikka, don a shaida. Ya feshe ganye, ya feshe ciyawa, iska ta juyo ta feshe shi, ya kwanta rub da ciki yana jiran rina ta zo shan zaƙi.

"Kuriachan," in ji Moidu Ikka daga cikin shago, "bishiyar nan tana da masu ita."

"Ikka, kai da shayinka, ni da ilimina."

Masu itan su ne jajayen tururuwan nan da ke ɗinke ganyen mangwaro su yi gida. Ba su yi gaggawa ba. Sai da suka jeru, suka shiga ta ƙafa, suka bazu ko'ina, sannan kamar an busa musu usur suka kama aiki lokaci guda. Ammavan ya tashi tsaye ba tare da ya bi ta durƙuso ba. Ya mari cinya, ya mari wuya, ya yi wata rawa da ban taɓa gani ba ko a gidan biki, daga ƙarshe ya kwance mundun ya yi jifa da shi. Daidai nan motar hantsi ta kawo kai, wadda ya yi rabin rayuwarsa a cikinta. Direban ya rage gudu, ya danna hon, sabon kwandastan ya leƙo.

"Chetta, za ka hau? Mai gajeren wando rabin tikiti ne."

Moidu Ikka ya fito da tawul ya rufa masa. "Ga shi mai rai, ga shi a sake, a inda aka same shi," ya ce, "ni kuma ba ni da gilashi."

Ammavan ya kwana biyu bai fita ba, yana shafa man kwakwa. Na ɗauka ya haƙura. Na ce masa ya kai ko hoton malam-buɗe-littafi ne, in an sauke shi an sauke shi, ba wanda zai kore shi daga gari. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da gidan.

"Benci, mone? In zauna ina ɗaga hannu ana ba ni izini? Rufe ƙofa ka ji. Sanyi ne ke kwantar da ƙwaro, ko ba haka ba? To wa ya ce sai sanyin asuba? Ga asuba nan a kicin, Ammayinka ta saye ta, tana aiki dare da rana."

"Firiji? Ammava, doka ta ce a sake."

"A sake zan ɗauke ta. Zan buɗe murfin."

Ya samu rinar a bayan gida, kan ruɓaɓɓiyar ayaba, babba, mai ɗamara ruwan ɗorawa. Ya yi mata shirin yaƙi: hular kwanon ɗan maƙwabci, rigar ruwan Ammayi mai furanni, safa a hannu biyu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wata zai tafi, in haka ne ya gaishe mata da mutanen can. Bai kula ta ba. Ya lallaɓa ya kife rinar da kwalbar da aka cinye mangwaro mai yaji a cikinta. Yadda aka yi ba ta harbe shi ba ban sani ba, ina jin ita ma mamaki ne ya hana ta. Ya huda murfin, ya tura kwalbar can bayan kindirmo. Kuma da yake Ammavan ba ya yin abu kaɗan, ya tara na gwaji: fara a kwanon sha, buzuzu a gwangwanin kofi, gyare biyu a kwanon da Ammayi ke ajiye gogaggiyar kwakwa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne wutar lantarkin garinmu. Ta ɗauke tun hantsi, asubar Ammavan ta koma rana tsaka. Da yamma matan ƙungiyar addu'a suka zo gidan, Ammayi ta shiga yi musu wainar appam, ta buɗe kwanon kwakwa. Gyaren farko ya faɗa cikin ƙullu, na biyu ya zaɓi wuyan rigar shugabar matan. Daga baranda muka ji addu'a ta canja murya.

Ammayi ta fito. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

"Kai mutumin nan. Me gyare ke yi a kwanon kwakwata?"

"Ta taga suka shigo. Damina ce."

"Suka shigo ta taga, suka buɗe firiji, suka shiga kwano, suka jawo murfi suka rufe."

"Ƙwari suna da wayo, Eliyamma. Ke ba ki karance su ba."

"Zan karance su. Duk wani mai ƙafa fiye da biyu ya bar min kicin yanzu. Mai ƙafa biyun ma ina tunani a kansa."

Ya kwashe fara da buzuzu ya zubar a gabanta, cikin ladabi. Kwalbar bayan kindirmo kuwa bai ambace ta ba, ni ma da ya kalle ni sai na kalli rufin ɗaki.

Da safen ranar taron, wuta ta riga ta dawo, rina ta yi laushi. Ammayi ta fita wanke-wanke a bakin rijiya. Ammavan ya tsinko ganyen kofi ya kafa shi da ɗan maƙalin shanya a kan teburin kicin, ya jingina wani koren tawul a baya, ya zazzage rinar a kan ganyen, ya gyara mata ƙafafu da tsinken ashana, ya fesa mata raɓarsa. Ya ɗora kyamara kan buhun shinkafa don kada ƙasa ta motsa. Ni na riƙe farar takarda. Yana cikin dannawa sai ga Ammayi a ƙofar baya da ludayin da ta wanko. Ya kife kwalba kan rinar, ya jefa a jakar kafaɗarsa, ya ce ganyen kofi yake dubawa, kamar akwai cuta.

"Akwai cuta kam," ta ce. "Ba a ganye take ba."

Hoton kuwa, gaskiya, ya fita. Ido tsaf, ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, da ɗigon ruwa ɗaya babba a goshinta. Ammavan ya daɗe yana kallo.

"Mone," ya ce, "wani lokacin ni kaina ina tsoron kaina."

Da yamma ɗakin karatu ya cika. An yi adon furanni a ƙofa, yara a ƙasa, mata a baya, Ammayi cikin farin zaninta na biki kusa da mahaifiyata. Aka raba payasam mai madara da zaƙi, Ammavan ya sha kofi biyu har gashin bakinsa ya yi danƙo. Da aka zo kan hotonsa Mash ya ba shi izinin gabatarwa kafin dokar shiru ta hau kansa.

"Wannan," ya ce, "a dajin bayan dutse na ɗauke shi, inda ko masu saran itace ba sa shiga. Na fita zakara bai yi cara ba. Matsattsaku suka sha jinina har suka ƙoshi suka faɗi da kansu. Kashin giwa yana tururi a gabana. Na kwanta a laka, na riƙe numfashi, ni da ita muka haɗa ido, ta gane ko ni wane ne."

"Yaushe ke nan?" na ji Ammayi ta tambayi mahaifiyata. "Ni dai kullum da tsintsiya nake tashinsa."

Majigi ya haska. Wani yaro ya ɓuya bayan uwarsa. Mash ya ce idon ya fita, ba magana. Wani ya yabi laushin hasken, wani ya yabi bayan da ba hayaniya. Ammavan na kan kujera yana kumbura, yana gyaɗa wa kowane yabo kai. Sai Dakta Shameena ta miƙe, ta ce a ba ta aron tsinken lema. Da ƙyar yatsunsa suka saki.

"Hoto ya yi kyau, Chetta. Tambayoyi ne 'yan ƙanana. Gashin kanta duk biyun sun faɗi ƙasa, kamar wadda aka yi wa allurar barci. Ƙafar gaba ba ta riƙe ganyen ba, ajiye ta aka yi. Kuma ganyen kofi ne. Ban san giwaye sun fara noman kofi a bayan dutse ba."

Ammavan ya buɗe baki. Mash ya ɗaga yatsa. Ya rufe.

"Sai ɗigon nan na goshi. Ɗigon raɓa yakan kwaso duk abin da ke bayansa ya juya shi kai ƙasa. Ina so in ga dajin nan da ko masu saran itace ba sa shiga. Mash, a ƙara girmansa."

Aka ƙara. Aka sake ƙarawa, har ɗigon ya cika bango. Jama'a suka karkata kai gefe guda suna neman itatuwa. Akwai kore a ciki, amma koren yana da geza, da zanen agwagwa a gefe. Bayansa taga mai ƙarafa, da wani dogon abu fari mai mariƙi. Kusa da shi kuma, ƙafafu a sama, kai a ƙasa, wani ne tsaye riƙe da wani abu.

"Giwar ke nan?" wani ya tambaya daga baya.

Ammayi ta miƙe. Ta taho gaba a hankali, ta karkata kai, ta duba.

"Wannan tawul ɗin wankana ne. Wannan firijina ne. Wannan ludayina ne. Wanda ya ce giwa kuma, na gane muryarsa."

Mash ya jira dariya ta lafa, ya goge tabarau.

"Kuriachan, yanzu kana iya magana. Abu ɗaya nake so in sani. In sanyaya ta ka yi, kujera ce ta tafi. In matacciya ka jera mana, to ƙungiyar ma ka bar ta. Da rai ko babu?"

"Matacciya? Ni? Da ranta, Mash, ta fi wasunku lafiya."

Ya jawo jakar kafaɗarsa. Sai a lokacin na tuna kwalbar tun safe tana ciki, jakar kuma ta yini rataye a baranda cikin rana.

"Ammava, kada ka buɗe."

"Yi shiru, mone, ana maganar mutunci."

Ya buɗe. Rinar ta fito ba alamar barci a tare da ita. Ta zaga fanka, ta bi hasken majigi, inuwarta ta faɗa bango kamar shirwa. Yara suka yi ƙarƙashin benci, shugabar matan addu'a ta damƙe wuyan rigarta ta yi waje. Rinar ta yi ta zagaye tana neman wanda za ta yi wa godiya, sai ta ji ƙamshin payasam. Ta sauka a gashin bakin Ammavan, daidai saman leɓe, ta fara lasa.

Ammavan ya daskare a kujerarsa, idanunsa sun haɗu a tsakiya.

"Kada ka motsa, Chetta," Dakta ta ce a hankali, tana buɗe jakarta. Na ɗauka magani za ta ciro. Kyamara ta ciro. "Mai rai, a sake, a inda ta zaɓa da kanta. Mash, ya cika doka?"

"Ya cika," in ji Mash, yana ciro tasa.

Kafin ka ce kwabo 'yan ƙungiya sun kewaye kujerar, wasu a durƙushe, wasu a kwance, ana magana ƙasa-ƙasa.

"Jomon," wani ya kira ni, "riƙe mana farar takarda, da alama ka saba."

"Bayan ya cika gashi."

"Hancin yana ƙyalli, a tare masa."

"Kuriachan, daina numfashi, kana ɓata min ido."

"A ɗan juya hagu. A'a, ba kai ba, ita."

Gumi ya gangaro masa, Moidu Ikka ya ce ga raɓa ta gaske ta sauka. Kuma da ya daure, da ya tsira, don rinar ta kusa ƙoshi, har ta fara goge fuska tana fuskantar taga. Sai wani sabon ɗan ƙungiya, ma'aikacin banki, ya zo ya tsaya ƙiƙam tsakanin taga da kujera, inuwarsa ta rufe rinar gaba ɗaya, yana ta dannawa cikin jin daɗi.

Na ga abin yana taso wa Ammavan tun daga ciki. Ya haɗiye, ya dawo. Ya runtse ido, bai hana ba. Yatsunsa suna neman tsinken lema a hannun kujera.

"Kai, kana tare has…"

Nan ta ba shi nata sharhin.

Kafin a kawo ƙanƙara daga shagon Ikka, leɓen ya yi kamar ƙwallon mangwaro. Rinar ta fice ta taga abinta. Mash ya yanke hukunci ba ja-in-ja: kujera ta koma hannun Dakta, hotonta na rina a gashin baki shi zai hau bangon kalanda, Ammavan kuma yana nan a ƙungiya, tunda ya tabbatar da ranta da hujjar da kowa ke gani. Ni da Moidu Ikka muka kama shi muka sauko da shi benci. Ya yi ta nuni da hannu yana gurnani, ba wanda ya gane ko ƙara yake ɗaukakawa ko sharhi yake yi.

Dakta ta zauna a kujerar, ta gwada jingina, sannan ta tuna ita likita ce, ta taso ta duba shi.

"Ba abin tsoro. Zai sace. Amma kada ya yi magana sai kumburin ya sauka, kwana uku ko huɗu."

Ammayi ta dubi mijinta a kan benci, shiru, hannaye a kan gwiwa. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta matso kusa da Dakta ta rage murya.

"Dakta, in an samu wata rinar, shirun nan zai kai mu Kirsimeti?"